Rabon Wuta da Ruwa Tsakanin Mutum da Na'ura

'Yan'uwa malamai, akwai wata sana'a da ta bunƙasa a 'yan shekarun nan, wadda mai yin ta kan kwana a jirgin sama da masaukin baƙi fiye da yadda yake kwana a gidansa. Shi ne mashawarci kan harkar fasaha, wanda manyan kamfanonin intanet ke ɗauka su tura shi ƙasa-ƙasa, domin ya duba musu inda ya dace su kafa cibiyar adana bayanai. Cibiyar nan wani makeken gini ne marar taga, cike da dubban kwamfutoci da aka jera a kan kantoci, suna aiki dare da rana. Hoton da ka ajiye a Facebook, da kuɗin da ka tura ta waya, da tambayar da ɗalibinka ya yi wa manhajar ƙirƙirarriyar basira, duk a irin wannan gini ake sarrafa su. Turawa sun laƙaba wa abin suna gajimare, alhali a ƙasa yake zaune daram, yana cin wuta yana shan ruwa.

Idan mashawarcin ya sauka a gari, tambayoyinsa sanannu ne. Megawat nawa na lantarki za a iya bayarwa, kuma yaushe? Ruwa lita nawa a rana? Yaya zafin garin yake da bazara? A ina wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta fito tudu? Wane rangwamen haraji hukuma za ta yi? Daga irin waɗannan tafiye-tafiye ne wani ra'ayi ya yaɗu a tsakanin masu sana'ar, cewa mun shiga zamanin da na'urori ke gasa wajen neman wuta da ruwa da fili, tamkar yadda namun daji ke rububin mashaya da rani. Maganar tana da daɗin ji, sai dai tana rufe wani abu mai muhimmanci. Na'ura ba ta jin ƙishirwa, ba ta kuma sa hannu a yarjejeniya. Duk inda aka ga ta sha gaban mutum a layin wuta ko na ruwa, wani mutum ne ya tsara layin a haka. Abin da mutum ya tsara kuwa, jama'a suna da ikon su nemi a sake shi. Wannan shi ne ra'ayin da nake son in kafa wa hujja.

Ya kamata mu fara da sanin dalilin wannan ci. Kusan duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa, kuma idan ba a fitar da zafin ba na'urar za ta lalace. Hanya mafi arha ta sanyaya gini irin wannan ita ce a bi da zafin ta kan ruwa, ruwan ya zama tururi ya tashi da shi, kamar yadda randar ƙasa ke gumi ta sanyaya abin da ke cikinta. Ruwan da ya tashi sama kuwa ba ya komawa famfon kowa a garin. Idan aka ce a daina amfani da ruwa a koma ga na'urorin sanyaya iska, sai cin wuta ya ƙaru. Gaba kura, baya siyaki. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin adana bayanai sun ci yunit biliyan 415, irin yunit ɗin da muke saya a mita, wato kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya. Ta kuma yi hasashen cewa nan da 2030 adadin zai kai kimanin yunit biliyan 945, abin da ya ɗan zarce duk wutar da ƙasar Japan ke ci a shekara.

Bari mu bi sawun mashawarcin zango-zango, mu ga yadda rabon ke kasancewa a zahiri. Zangon farko shi ne arewacin jihar Birjiniya ta Amurka, musamman garin Ashburn da ke gundumar Loudoun, kusa da birnin Washington, inda cibiyoyin suka fi yawa a duniya. Kusan rubu'in lantarkin jihar su ke cinye shi. Jihar tana cikin wata babbar kasuwar lantarki mai suna PJM, wadda ta shafi jihohi 13 da birnin Washington, da mutum kimanin miliyan 65. A wannan kasuwa ana gwanjon kuɗin da za a biya tashoshin wuta domin su zauna cikin shirin ko-ta-kwana. A gwanjon watan Yulin 2024 farashin ya tashi daga kimanin dala 29 zuwa kusan dala 270 a kan kowane megawat a rana. Rufe tsofaffin tashoshi yana cikin dalilan tashin, haka nan ƙaruwar buƙatar cibiyoyin. Kuɗin kuwa a kan takardar wutar kowa ake raba shi, har da tsohuwa mai fansho wadda ba ta taɓa taka garin Ashburn ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Har yanzu a Amurka, a jihar Pensilbaniya, akwai tashar nukiliya ta Three Mile Island, wadda ɗaya daga cikin injinanta biyu ya yi mummunan hatsari a 1979. An rufe ɗayan injin a 2019 saboda ba ya kawo riba. A watan Satumban 2024 kamfanin Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da mai tashar, domin a sake tayar da injin, shi kuma ya saye wutar da zai bayar, kimanin megawat 835. Domin mu gane girman wannan adadi, madatsar ruwa ta Kainji an gina ta ne da ƙarfin megawat 760. Tashar da aka ga ba ta cancanci a ci gaba da kunna ta domin gidajen mutane ba, ta cancanci a tayar da ita da zarar kwamfutoci sun buƙata.

Zango na gaba shi ne ƙasar Ayilan, maƙwabciyar Birtaniya, wadda sauƙin haraji da sanyin yanayi suka sa kamfanonin Amurka suka yi wa babban birninta Dublin tsinke. Alƙaluman ofishin ƙididdiga na ƙasar sun nuna cewa a 2015 cibiyoyin sun ci kashi 5 cikin ɗari na wutar da ta bi ta mita, a 2023 kuwa sun ci kashi 21, fiye da abin da dukkan gidajen birane suka ci a haɗe. Sai da ta kai kamfanin da ke kula da manyan layukan wutar ƙasar ya dakatar da jona sababbin cibiyoyi a kewayen Dublin, domin gudun kada birnin ya faɗa duhu.

Batun ruwa ya fi wannan ban takaici, domin galibi a ɓoye ake yin sa. A jihar Oregon akwai wani ƙaramin gari mai suna The Dalles, mai mutum kimanin 16,000, inda Google ya kafa cibiya tun 2006. Da jaridar The Oregonian ta nemi sanin yawan ruwan da kamfanin ke sha, sai hukumar garin ta kai jaridar ƙara a 2021, tana cewa adadin sirrin kasuwanci ne. Sai a watan Disamban 2022 aka janye ƙarar, aka bayyana cewa a 2021 kaɗai cibiyoyin kamfanin sun sha galan miliyan 355, fiye da rubu'in ruwan da garin ya yi amfani da shi. A lura da kyau: hukumar da mutanen gari suka zaɓa ce ta tsaya a gaban alƙali tana neman a hana su sanin abin da ake ɗiba daga ruwansu.

A Yurugwai kuwa, can Kudancin Amurka, an yi fari mai tsanani a 2023, har madatsar Paso Severino da ke shayar da babban birnin ƙasar, Montevideo, ta kusa ƙafewa. Hukumar ruwa ta koma gauraya ruwan famfo da ruwa mai gishiri daga bakin kogin Plata, mai hali ya koma sayen ruwan gora, marar hali ya sha mai gishirin. A daidai wannan lokaci ne jama'a ke ta muhawara a kan shirin Google na kafa cibiya a lardin Canelones, wadda a tsarinta na farko za ta buƙaci lita miliyan 7.6 a kowace rana. Wannan adadi ma sai da aka je kotu kafin ya fito fili. Mutane suka fita zanga-zanga, suna da kuma madogara mai ƙarfi, domin tun 2004 al'ummar ƙasar ta kaɗa ƙuri'ar da ta shigar da ruwan sha cikin haƙƙoƙin ɗan'adam a tsarin mulki, tare da fifita shan mutane a kan sauran buƙatu. Daga bisani kamfanin ya sauya tsari ya koma sanyayawa da iska. Ashe dai ba dole ba ne a sha lita miliyan bakwai da ɗoriya. Zaɓi ne aka yi saboda arha, da aka matsa kuma aka yi wani zaɓin.

Abin mamaki shi ne, babu wanda ya kai masana kwamfuta sanin cewa gasa ba tare da ƙa'ida ba halaka ce. A 1965 wani malamin jami'a ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya ba ɗalibansa tambayar jarrabawa a kan kwamfutoci biyar da ke rububin na'urorin faifan ajiya. Daga baya wani masani ɗan Ingila, Tony Hoare, ya mayar da tambayar labari. Masana falsafa biyar ne zaune a teburi mai da'ira, ga taliya a gabansu, ga cokali mai yatsu guda ɗaya tsakanin kowane mutum biyu, wato cokula biyar ke nan. Ba mai iya cin taliyar sai ya riƙe cokula biyu, na damansa da na hagunsa. Idan kowa ya ɗauki na hagunsa a lokaci ɗaya, sai kowa ya zauna riƙe da ɗaya yana jiran na biyu har abada, ga abinci ga yunwa. Akwai kuma wata matsalar ta daban: idan maƙwabtan mutum biyu sun fi shi zafin nama, za su yi ta karɓa-karɓa da cokulan, shi kuwa ba zai taɓa kai loma baki ba. A littattafan ilimin kwamfuta, yunwa ita ce ainihin sunan da aka ba wannan hali na biyu.

Saboda haka kowace kwamfuta, har da wayar da ke aljihunka, tana da wata manhaja mai aikin rabo. Ita ke yanke wane aiki zai shiga, wane zai jira, na kuma tsawon wane lokaci. Ɗaya daga cikin dabarunta ita ce, duk aikin da ya daɗe yana jira sai a riƙa ɗaga darajarsa sannu a hankali, har ya kai gaban layi, domin kada a bar shi a baya har abada. Idan aka yi kuskure a wannan tsari, sakamakon ba ya ɓuya. A watan Yulin 1997 kumbon Pathfinder na Amurka ya sauka a duniyar Mars, ba da jimawa ba kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana sake tashi. Da aka bincika sai aka gano cewa wani ƙaramin aiki na auna yanayi ya riƙe wata hanyar bayanai da aiki mafi muhimmanci ke buƙata, matsakaitan ayyuka kuma suna ta tsallake ƙaramin, sun hana shi ya gama ya saki. Injiniyoyi suka aika gyara daga nan duniya, suka sauya ƙa'idar fifiko, matsalar ta kau.

To, a nan ne maganar gasar na'urori ke karyewa. A cikin ginin cibiyar, babu injiniyan da zai yarda a bar kwamfutoci su yi rububi, mai ƙarfi ya ci marar ƙarfi ya kwana da yunwa. Kowane aiki yana da kasonsa, kowane yana da matsayinsa a layi, akwai kuma mai sa ido dare da rana. Amma da zarar an fito bakin ƙofa, inda abokan rabon su ne gidaje da asibitoci da makarantu da gonaki, sai a ce ai kasuwa ce, ai ci-gaban zamani ne, ba wanda ke da iko a kai. Adalcin da aka tanadar wa na'urori a tsakaninsu shi ne ake ƙyashin yi wa mutanen da ke maƙwabtaka da su.

Masu kare cibiyoyin suna da hujjoji, kuma bai dace a yi watsi da su ba. Suna cewa kashi 1.5 cikin ɗari ba wani abu ba ne, kuma noma ne ke cin kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ɗan'adam ke ɗiba a duniya. Suna cewa bankuna da asibitoci da hukumomin jarrabawa duk a kan waɗannan na'urori suka dogara, har albashinmu ta cikinsu yake bi. Suna nuna gundumar Loudoun, inda harajin cibiyoyin ya zama kaso mai tsoka na kuɗin shigarta. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ƙididdigar duniya baki ɗaya ba ta faɗin halin da gari guda ke ciki, domin cibiyoyin cunkushewa suke yi a wurare ƙalilan. Yawan ruwan kogin Kwara ba ya kashe ƙishirwar wanda rijiyar garinsu ta ƙafe. Haka nan aikin yi da ake alkawari, yawancinsa na lokacin gini ne, domin da zarar an gama, ma'aikata kaɗan ke gudanar da makeken gini.

Akwai kuma wuraren da suka nuna cewa ana iya yin abin da kyau idan an ga dama. A 2013 Facebook ya buɗe cibiya a garin Luleå na arewacin Suwidin, inda iskar waje mai tsananin sanyi ke sanyaya na'urorin, wutar kuma daga madatsun kogi take. A birnin Odense na ƙasar Denmak, zafin da cibiyar kamfanin ke fitarwa ana tura shi ta bututu ya ɗumama gidajen mutane da hunturu. Ƙasar Singafo kuwa ta dakatar da ba da izinin sababbin cibiyoyi a 2019, ba ta sake buɗe ƙofa ba sai 2022, bayan ta gindaya sharuɗɗan tattalin wuta. Wasu kamfanonin sun tsallaka jihar Johor ta Malesiya da ke maƙwabtaka da ita, abin da ke nuna cewa idan gari ɗaya ya tsaurara, mashawarcin sai ya ɗauki jakarsa ya nufi inda aka fi sassauci. Wannan ne ya sa ƙasashen da dokarsu ke da rauni suka fi kowa buƙatar yin hattara.

Nijeriya ta riga ta shiga taswirar wannan tafiya. A 2022 wayar ƙarƙashin teku ta Google mai suna Equiano ta sauka a Legas, a shekarar ne kuma kamfanin Equinix na Amurka ya sayi MainOne. A 2025 MTN ya buɗe tasa babbar cibiyar a Ikeja. Samun irin waɗannan cibiyoyi a gida yana da amfani, domin bayananmu su zauna a ƙasarmu, intanet kuma ya ƙara sauri. Amma mu tuna da girman tukunyar da za a ɗiba. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wutar da babban layinta ke rabawa galibi tsakanin megawat 4,000 da 5,000 take kai-kawo. Mafi yawan wannan wuta daga tashoshin iskar gas take, waɗanda su ma sukan rasa isasshen gas. Cibiyar da ta ce za ta kafa tashar kanta, daga wannan gas ɗin za ta ɗiba.

Mu kuma muna da namu tsarin rabon, ko da yake ba mu cika kallonsa haka ba. An kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni, daga rukunin A da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa rukunin E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga farashin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Tsarin yana nufin cewa mai iya biya shi ne a gaba, kuma babu wata ƙa'ida a cikinsa da ke ɗaga darajar unguwar da ta daɗe tana jira. Da ɗalibi ne ya kawo wa Dijkstra irin wannan amsa, da ya nuna masa inda yunwa za ta shigo. Mun kuma ga yadda rashin wuta ke yi a watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layuka ta jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. A layi irin wannan, babban mai saye da ke biya da dala ba zai taɓa tsayawa a baya ba. Idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abubuwa uku nake ganin ya wajaba kowace al'umma ta nema kafin a aza harsashin irin wannan gini. Na farko, a bayyana a fili yawan wuta da ruwan da za a ɗiba, da kuma inda za a ɗibo su, tun kafin a sa hannu, domin abin da jama'a suka mallaka ba ya zama sirrin kasuwancin wani. Na biyu, doka ta jera fifiko a rubuce kamar yadda Yurugwai ta yi, ruwan sha da asibiti da makaranta da gidaje su kasance a gaba, kuma babban mai ci ya yarda a rage masa a lokacin ƙunci. Na uku, wanda buƙatarsa ta sa dole a gina sabuwar tasha ko sabon layi, shi zai biya kuɗin, kada a raba shi a kan takardar wutar talaka. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke hana ci-gaba, domin Singafo da Ayilan da suka taka birki har yau suna sahun gaba a wannan harka.

Shi mashawarcin ba abokin gāba ba ne, ɗan aike ne, kuma tambayoyin da wanda ya biya shi ya rubuta masa su yake yi. Tambayar da ba ta cikin takardarsa ita ce, su wa ke tsaye a layin nan tun kafin mu zo, kuma me zai rage musu bayan mun ɗiba? Ba mai yin wannan tambaya sai 'yan gari, ba kuma za su iya yin ta ba sai sun san mene ne megawat, sun iya mayar da galan zuwa lita, sun iya raba adadin ruwa da yawan gidaje. Wannan lissafi ne na ajin sakandare, kuma a hannunmu yake. A Oregon jarida ce ta tambaya, a Yurugwai an tambaya ta hanyar kotu da kan titi, a wuraren biyu kuma an samu amsa. Yarjejeniyar wuta kuwa ta shekara ashirin ake ƙullawa, wanda bai yi magana ranar sa hannu ba, 'ya'yansa ne za su zauna da abin da aka rubuta. Tun ran gini, ran zane.